A ɗaga wa sabuwar mota ƙafa a gwajin lafiya, amma a duba aikin da take yi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka da masu karatu baki ɗaya. Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ke tasowa duk lokacin da aka zo sabunta takardun mota: shin ya dace a tilasta wa sabuwar mota zuwa gwajin lafiya kamar yadda ake tilasta wa tsohuwa? Ni bakanike ne, kuma yawancin aikina a ƙarƙashin mota yake, wato birki, sitiyari, shokazoba da ƙafafu. Abin da zan faɗa ya fito ne daga abin da hannuna ke taɓawa kullum, da kuma abin da na bibiya na dokokin ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari.

Matsayina a fili yake. Sabuwar mota ta cancanci a ɗaga mata ƙafa. Amma ɗaga ƙafar da ake aunawa da shekaru kaɗai, ba tare da duba irin wahalar da motar ke sha a hanya ba, tana barin motoci masu haɗari su yi ta yawo da mutane a ciki, doka kuma na kallonsu a matsayin lafiyayyu.

Masu cewa a bar sabuwar mota ta huta suna da hujja, kuma ina tare da su a nan. Kafin a fara sayar da wani samfurin mota a Turai ko Japan, sai hukuma ta gwada shi ta amince da birkinsa, fitilunsa, hayaƙinsa da yadda yake jure karo. A Amurka kamfani ne ke shaidawa da kansa cewa motarsa ta cika ƙa'ida, hukuma kuma ta sayo wasu daga kasuwa ta gwada, in ta kama shi da saɓa doka ya ɗanɗana kuɗarsa. Bayan haka kowace mota takan bi ta layin gwaji a ƙarshen masana'anta, dillali ma ya sake dubawa kafin ya miƙa makulli. Motar da ta fito daga wannan tsari, tayoyinta ko ƙura ba su sha ba, me jami'in gwaji zai gano a jikinta? Babu. Layi kawai za ta tsawaita, ta cinye lokacin da ya kamata a ba motar da ta shekara goma sha biyar tana aiki. Kuma duk wanda aka karɓi kuɗinsa a kan gwajin da ya san ba shi da amfani, daga ranar zai ɗauki tsarin gaba ɗaya a matsayin hanyar tara haraji. Jihar Texas ta Amurka ta soke gwajin lafiyar motocin da ba na kasuwanci ba daga 1 ga Janairun 2025, amma ta ci gaba da karɓar dala 7.50 a shekara a madadinsa, sabuwar mota kuma dala 16.75 na shekara biyu. Ra'ayina shi ne irin wannan yana zubar da mutuncin gwaji a idon jama'a. In za a duba mota a duba ta da gaske, in ba za a duba ba a bar wa mutum kuɗinsa.

To, shekara nawa ya kamata hutun ya kai? Ƙasashe ba su yi ittifaƙi ba. Birtaniya ta fara gwajin da ake kira MOT a 1960, kuma a lokacin motocin da suka kai shekara goma kaɗai ake dubawa, abubuwa uku kacal: birki, fitilu da sitiyari. Yawan motocin da suka faɗi ya sa aka yi ta rage shekarun, har a 1967 aka tsaya a kan shekara uku, daga nan kuma duk shekara. Jamus ma shekara uku take bai wa sabuwar mota, sannan duk bayan shekara biyu. Haka Japan. Faransa, wadda ta soma nata gwajin a 1992, shekara huɗu take bayarwa, kamar Italiya da Sifen. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ce kada gwajin farko ya wuce shekara huɗu, na gaba kuma kada ya wuce shekara biyu-biyu, duk ƙasar da ta ga dama ta tsananta fiye da haka. Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwamnatin Birtaniya ta nemi jin ra'ayin jama'a har sau biyu a 'yan shekarun nan a kan mayar da gwajin farko zuwa shekara huɗu don rage wa masu mota kashe kuɗi, kuma sau biyun, a 2018 da 2024, ta janye ta bar shi a uku. Ina ganin sun yi daidai. A shekara ta uku ne tayoyin da mota ta fito da su daga kamfani suke kaiwa gargara a hannun mafi yawan direbobi.

A nan ne gizo ke saƙar. Gwajin lafiyar mota ba ya tambayar ko injiniyoyin kamfani sun iya aikinsu. Abin da yake dubawa shi ne sassan da ke cinyewa: taya, fad ɗin birki da faifansa, robobin ƙafa, bol-joyin, tayarod, shokazoba, ƙwan fitila, robar waifa. Waɗannan kuwa da tafiya suke ƙarewa, da nauyin kaya, da ramukan hanya, da ƙafar direba. Ɗauki motoci biyu da suka fito daga masana'anta rana ɗaya. Ɗaya tana hannun ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, ɗayar tana hannun mai jigilar fasinja daga asuba zuwa dare. Bayan shekara biyu ta farko ƙila ba ta cika kilomita 20,000 ba, ta biyun kuwa ta haura 100,000, ta canza taya da fad ba sau ɗaya ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ba ta canza ba. A takarda dukansu sababbi ne.

An taɓa kawo mini wata mota da ba ta cika shekara biyu ba, fentinta na sheƙi, kujerun baya ma da sauran leda a jikinsu. Mai ita yana kai wa mutane saƙo ne da ita, kuma ƙorafinsa ɗaya: sitiyari na rawa idan ya ɗan taka. In ka tsaya a gefe ka dubi tayoyin gaba, za ka rantse lafiyarsu ƙalau, zanensu na waje a cike yake. Da na ɗaga ta a jak na karya sitiyari zuwa ƙarshe, sai ga gefen ciki na tayar hagu ya suɗe ƙwal, wayoyin ƙarfe sun fito suna kartar yatsa. Na kama tayar da hannu biyu na girgiza, tayarod na amsawa ƙwas-ƙwas. Ya taɓa faɗawa wani rami da gudu watanni kafin nan, ƙafar ta goce daga saiti, tayar ta yi ta cin gefe ɗaya bai sani ba. Da ya sunkuya ya gani da idonsa, sai da ya yi salati. Da wannan tayar yake hawa babbar hanya, kuma a ƙarƙashin dokar yawancin ƙasashen da na ambata, da sauran shekara guda ko biyu kafin wani jami'i ya leƙa ƙarƙashin motarsa.

Tunda na taɓo taya, bari in ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi saurin cin amanar mai sabuwar mota. Sabuwar taya tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. Doka a Turai da Japan ta ce kada ya gaza milimita 1.6, kuma masu ƙera taya sun sa wasu 'yan tudu a cikin kwarin zanen daidai wannan tsayi. Duk ranar da ka ga saman tayar ya yi daidai da tudun nan, ta gama aiki. Amfanin zanen shi ne fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan ya yi ƙasa, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tayar takan hau kan ruwan ta rabu da ƙasa, ka juya sitiyari mota ta ƙi juyawa, ka taka birki ta ci gaba da sulɓi. Wannan yakan fara tun kafin a kai ga 1.6 ɗin. Sannan a gefen yawancin tayoyi akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman a wuri mai zafi. Motar da ta daɗe a ajiye a filin dillali ana iya sayar da ita a matsayin sabuwa fil alhali tayoyinta da batirinta sun riga sun kwana biyu.

Masu tsara doka sun san da batun yawan tafiya, shi ya sa suka ware motocin haya. Dokar Tarayyar Turai ta ce tasi da motar ɗaukar marasa lafiya za a gwada su shekara guda bayan rajista, sannan duk shekara, haka ma manyan motocin kaya da bas-bas. Birtaniya ma haka take yi wa tasi. Wannan daidai ne, sai dai an tsara shi ne a zamanin da ake gane motar haya da fenti da lamba. Yau mutum na iya sayen mota da sunan ta gida, gobe ya shiga jigilar fasinja ta manhajar waya ko kai saƙon 'yan kasuwa. Wasu ƙasashe sun farga, Faransa alal misali tana gwada motocin hayar manhaja duk shekara. A wurare da yawa kuwa har yanzu waɗannan motoci na cin gajiyar sassaucin da aka yi domin mai zuwa ofis.

Akwai wani sashe a dokar Turai ta 2014 da ba a cika magana a kansa ba, wanda a ganina shi ne ya fi kusa da gaskiyar gareji. Ya ba ƙasashe damar kiran mota gwaji kafin lokacinta idan ta yi haɗarin da ya taɓa ƙafafu, sitiyari, birki ko wuraren da ke shanye karo, ko an yi mata sauye-sauye, ko ta canza mai ita, ko ta kai kilomita 160,000. Tunanin ya yi kyau, amma dama ce kawai aka bayar, ba tilas ba, kuma 160,000 ta yi nisa ƙwarai. Kafin mota ta kai nan ta cinye tayoyi da fad fiye da zubi biyu. Da ni za a tambaya, sai in ce a yi yadda kamfanonin mota da kansu ke rubuta garanti: shekaru kaza ko kilomita kaza, duk wanda ya riga zuwa. Kamfanin da ya ƙera motar bai yarda ya ɗauki alhakinta a kan shekaru kaɗai ba, to don me hukuma za ta yarda? Na san za a ce ai ana murɗa mitar tafiya a mayar da ita baya. Gaskiya ne, kuma mu makanikai mun fi kowa sani. Amma akwai maganinsa. Beljiyam ta kafa tsarin Car-Pass tun 2006, inda duk garejin da ya taɓa mota sai ya aika da adadin kilomitarta zuwa rumbu guda, kuma ba a sayar da motar hannu sai da takardar da ke nuna wannan tarihi. Mita ta koma baya, nan take takarda za ta tona.

Sai kuma tambayar da ta fi damuna: wace mota ce sabuwa? A ƙasashen Turai da na lissafa ana ƙirga shekarun ne daga ranar da aka fara yi wa motar rajista a duniya, ko'ina ne. Motar da ta yi shekara goma tana aiki a wata ƙasa, aka loda ta a jirgin ruwa, aka sauke, aka wanke ta aka sa mata sabuwar lamba, sabuwa ce a wurin mai ita, kuma Allah Ya sanya alheri, amma a wurin birki da ƙarfen ƙasanta tsohuwa ce. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma kaso mafi girma Afirka ya nufa. A cikinsu akwai masu kyau sosai. Akwai kuma waɗanda aka fitar da su daidai lokacin da gwajin ƙasarsu ya gabato, mai su ya lissafa kuɗin gyara ya ga gara ya rabu da su, da waɗanda kamfanin inshora ya riga ya yanke musu hukuncin ba sa gyaruwa bayan haɗari ko ambaliya. Irin wannan mota ita ce ta fi kowace buƙatar a shiga ƙarƙashinta kafin a ba ta lamba. Kenya ta hana shigo da motar da ta wuce shekara takwas, kuma tana sa a duba mota tun a ƙasar da za a ɗauko ta. New Zealand, wadda ke sayen motocin hannu da yawa daga Japan, ba ta yi wa ko ɗaya rajista sai an bincike ta ciki da waje. Duk dokar da za ta ɗaga wa sabuwar mota ƙafa dole ta fayyace wannan da baƙi da fari, in ba haka ba sassaucin zai faɗa hannun waɗanda ba don su aka yi shi ba.

Ga wani abu da kowane mai saye zai iya dubawa da kansa a irin waɗannan motoci. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun gargaɗi na gaban direba duk sukan kama, har da ta jakar iska mai kare direba lokacin karo da ta ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, bayan 'yan daƙiƙu su mutu. Motar na gwada kanta ke nan. Fitilar da ta ƙi mutuwa tana nuna matsala, wannan kowa ya sani. Wadda ba ta kama ba sam ita ce abin tsoro, domin sau da yawa wani ne ya cire ta ko ya rufe ta da baƙin tef daga ciki. Na taɓa buɗe sitiyarin wata mota da aka sayar wa mai ita a kan cewa ba ta taɓa karo ba, na tarar babu jakar iska a ciki, an cusa tsumma an mayar da murfi, an kuma haɗa wata 'yar waya don kwamfutar motar ta ɗauka komai na nan. Lambar motar sabuwa ce dal.

Adalci ya sa in kawo hujjar waɗanda ke ganin gwajin gaba ɗayansa ɓata lokaci ne, domin ba da ka suke magana ba. A Norway an yi wani bincike da aka wallafa a 1992, inda aka raba motoci kusan 204,000 gida uku: wasu ana gwada su duk shekara, wasu sau ɗaya cikin shekara uku, wasu ba a gwada su ko kaɗan. Ba a ga bambanci a yawan haɗurran da suka yi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ma, a binciken da ta yi kan haɗurran 2005 zuwa 2007, ta ɗora musabbabin ƙarshe a kan direba a kashi 94 cikin ɗari, a kan lalacewar mota kuwa kashi 2 kacal. Ban musanta ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce maka gwaji zai magance gudun wuce sa'a ko barci a kan sitiyari yaudararka yake yi. Amma a lura da abu biyu. Motocin da aka yi binciken Norway a kansu ba tsofaffi ba ne sosai, kuma a ƙasar da mutane ke kai mota sabis a kan kari, ana kuma tare motoci a hanya a duba su. Ba za a ɗauki sakamakon a shimfiɗa wa kowace ƙasa ba. Na biyu, mai binciken haɗari yana rubuta abin da ya faru a daƙiƙar ƙarshe ne. Yaro ya tsallako titi, direba ya makara wajen taka birki, sai a rubuta laifin direba. Ba wanda zai rubuta cewa da tayoyin na da zane da motar ta tsaya taku biyar kafin yaron. Ko a cikin kashi 2 ɗin nan, taya ce ta zo ta farko, birki na bi mata, wato daidai abubuwan da gwaji ke dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara. Kashi kaɗan na wannan adadi rayuka ne masu yawan gaske.

Akwai kuma aibin da gwaji ba zai taɓa kamawa ba, ko da kullum ake yin sa, wato wanda mota ta fito da shi daga masana'anta. Jakunkunan iska na kamfanin Takata misali ne. Sinadarin da ke hura su yana lalacewa a hankali cikin zafi da laima, ranar da aka yi karo sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarafa a fuska da wuya. An yi kiranyen kusan miliyan 100 a duniya, wato an nemi masu motocin su mayar da su a canza musu, kamfanin ya durƙushe a 2017. Babu jami'in da zai gano wannan da tocila a cikin ramin duba ƙasan mota. Haka badaƙalar Volkswagen ta 2015, inda aka sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane ana gwajin hayaƙi ta rage shi na ɗan lokacin. Maganin irin wannan shi ne kiranye daga kamfani, kuma a nan ne gwajin farko yake da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: shi ne karon farko da mota ke dawowa gaban hukuma tun bayan sayenta, lokacin da za a iya duba lambar jikinta a ga ko tana cikin waɗanda aka kira ba a kai ba. Japan ta yi haka daga 2018, ta daina bai wa motocin da ke ɗauke da mafi haɗarin jakunkunan Takata takardar wucewa gwaji sai an canza su. Idan aka tsawaita hutun sabuwar mota, wannan dama ma an jinkirta ta.

Wasu kan ce motocin zamani suna faɗar ciwonsu da kansu, don haka ba sa buƙatar mai dubawa. Suna faɗar wani, suna ɓoye wani. Na'urar da ke nuna iskar taya ta ragu, wadda ta zama tilas a sababbin motocin Amurka tun 2007 da na Turai tun 2014, ba ta san zane ya ƙare ba, ba ta san gefen taya ya kumbura ba. Babu fitilar da ke kamawa idan bol-joyin ya yi sako-sako, ko fitilar gaba ta karkace tana kashe wa mai tahowa ido. Motocin lantarki ma da ake cewa ba su da abin lalacewa, nauyin batirinsu na cin taya da robobin ƙafa da wuri, kuma da yake injin ne ke rage musu gudu yawancin lokaci, faifan birkinsu kan yi tsatsa saboda rashin amfani.

Ina so masu sababbin motoci su fahimci wani abu guda: an ɗauke muku zuwa wurin gwaji ne, ba a ɗauke muku alhakin lafiyar motar ba. A Birtaniya, ko jiya ka sayi mota, in aka kama ka da suɗaɗɗiyar taya tarar na iya kaiwa fam 2,500 a kan kowace taya ɗaya, da makin laifi uku a lasisinka. A shekarun hutun nan babu mai duba maka sai kai. Man birki misali yana shan laimar iska a hankali. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155, kuma a doguwar gangara da kaya birki na kaiwa wannan zafi. Man ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa yawancin kamfanoni ke cewa a canza shi duk shekara biyu, wato tun kafin gwajin farko ya zo. Mutane nawa ne ke yi? A garejina, mai sabuwar mota zai tambaye ni baƙin mai da tacewarsa, da wuya ya tambayi man birki.

Kada kuma a ɗauki sabis ɗin dillali a matsayin gwaji. Mai sabis yana bin jadawalin kamfani ne, kuma yana da abin sayarwa. Ni kaina mai gyara ne, amma ina goyon bayan tsarin Faransa, inda cibiyar gwaji ba ta da izinin yin gyara ko sayar da kayan mota, don kada mai dubawa ya ƙirƙiro ciwo saboda ya sayar da magani, ko ya rufe ido saboda abokin ciniki ne. A Birtaniya gareji ɗaya na iya yin duka biyun, shi ya sa hukumarsu ke aika motocin sirri don gwada masu gwajin. Kowanne aka zaɓa, sharaɗin shi ne mota ta hau na'urar auna birki da gaske, a haska ƙasanta, a girgiza ƙafafunta. Takardar da aka buga wa hatimi alhali motar na ajiye a gida ta fi rashin takarda illa, domin mai saye na gaba zai gan ta ya saki jiki.

Abin da nake roƙon masu tsara doka a duk inda ake wannan muhawara shi ne kada hutun sabuwar mota ya wuce shekara uku, a haɗa shi da iyakar kilomita, kuma ya faɗi nan take idan motar ta shiga haya, ko ta yi babban haɗari, ko za a sayar da ita. Faransa tana tilasta wa mai sayar da motar da ta haura shekara huɗu ya kawo takardar gwajin da ba ta wuce wata shida ba. Ni da so samu ne, a faɗaɗa wannan ya haɗa da ƙananan shekaru ma, domin motar da aka rabu da ita tana shekara ɗaya ko biyu sau da yawa akwai dalili, kuma mai saye ya cancanci ya san shi kafin ya biya.

Kai kuma Edita, ina roƙon ka tura wakilanku cibiyoyin gwaji su zauna wuni guda su ƙirga motoci nawa ne suka hau na'ura da gaske, takardu nawa kuma aka fitar a ranar, sannan ku buga mana abin da suka gani.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.

Naka mai karatu,
Wani bakaniken birki da ƙafafun mota